Bayan cin bak: ƙofofin jami'a da sharuɗɗansu a arewacin Kamaru

Daga ranar da OBC, hukumar da ke shirya bak, wato jarrabawar kammala sakandare ta tsarin Faransanci a Kamaru, ta fitar da sakamako a watan Yuli zuwa lokacin da jami'o'i ke buɗewa a watan Oktoba, gidaje da yawa a Marwa da Garwa da Ngaundare da Kusiri ba su da zancen da ya wuce makomar yaran da suka ci. Ana gama barka sai tambayoyi su biyo baya, kuma amsoshin da ake samu a unguwa ba sa jituwa da juna. Wannan ya ce duk mai bak yana da gurbi a jami'a, wancan ya ce babu mai shiga sai ya ci konkur, wato jarrabawar takarar gurbi, wani ya ce makarantar horar da malamai ta daina ba da aiki, wani kuma ya ce ɗan arewa yana da kason da aka ware masa. Kowace daga cikin waɗannan maganganu tana da gaskiyarta, sai dai kowace tana magana ne a kan ƙofa daban, kuma wanda ya cakuɗa su yana iya asarar shekara guda ta karatu ba don ya gaza ƙoƙari ba.

Abubuwa uku da suka faru a 'yan shekarun nan sun ƙara ruɗa jama'a. A watan Janairun 2022 aka kafa jami'ar Garwa tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa, jami'o'in gwamnati suka zama 11. Daga 2023 aka raba karatu a makarantun horar da malaman sakandare da samun aikin gwamnati kai tsaye. A 2024 kuma aka tsaya kai da fata a kan cewa sai mai maki 10 cikin 20 zai ci bak, ba tare da sassaucin da aka saba yi wa waɗanda suka kusa kaiwa ba, sai adadin masu cin bak na ilimin gama-gari ya faɗo daga sama da kashi 75 cikin ɗari a 2023 zuwa kimanin kashi 37.

Takardun da ake nema

Kamaru tana tafiyar da tsarin ilimi biyu, na Faransanci da na Ingilishi, kuma kowanne yana da takardar da ke rufe sakandare. A ɓangaren Faransanci, wanda mafi yawan yaran arewa ke bi, sakandare shekara 7 ce. Ana yin jarrabawar BEPC a ƙarshen shekara ta 4, purobatuwar a ƙarshen ta 6, bak a ƙarshen ta 7, kuma wanda bai ci purobatuwar ba ba shi da damar zama bak. A ɓangaren Ingilishi, hukumar GCE da ke Buya ce ke shirya jarrabawar O Level bayan shekara 5 da ta A Level bayan ƙarin shekara 2. Mafi ƙarancin abin da jami'a ke nema shi ne cin darussa 2 a A Level, ba tare da lissafa darasin addini ba.

Ita kanta bak ba iri ɗaya ba ce, tana da seri, wato reshen da ɗalibi ya bi. Seri A na harsuna ne da adabi da falsafa, kuma a cikinsa akwai masu ɗaukar Larabci a matsayin harshen waje na biyu. Seri C na lissafi ne da fiziks, D na kimiyyar halittu da lissafi, TI na kwamfuta, sannan ga rassan makarantun fasaha na wutar lantarki da gini da kanikanci da akanta da kasuwanci. Bayan seri akwai daraja: maki 10 zuwa ƙasa da 12 ci ne kawai, sai matakan yabo da ke farawa daga 12, da 14, da 16. Darajar ba ta da wani tasiri mai yawa wajen shiga fakalte, amma tana da nauyi wajen neman tallafin karatu a ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya, wanda ake bi ta ma'aikatar ilimi mai zurfi, da kuma a konkur da yawa da ke sanya makin purobatuwar da na bak cikin lissafinsu.

Ƙofa biyu masu sharuɗɗa daban

Ƙofa ta farko ita ce ta fakalte, wato sassan jami'a na karatun gama-gari, kamar adabi da ilimin zamantakewa, kimiyya, shari'a da siyasa, tattalin arziki da gudanarwa. Nan ba a zama jarrabawar shiga, dosiye ake dubawa, wato takardun da ɗalibi ya miƙa. Ɗalibi yana yin rajistar farko ta intanet, ya zaɓi fannonin da yake so bisa fifiko, ya biya kuɗin rajistar, ya haɗa kofin takardar haihuwa da na sakamakon bak da na purobatuwar waɗanda hukuma ta buga wa hatimi, da hotuna, ya miƙa. Idan serinsa ya dace da fannin kuma takardunsa sun cika, galibi sunansa yana fitowa, daga nan ya biya kuɗin jami'a na shekara, sefa 50,000, wanda ake iya biya kashi biyu.

Sauƙin shigar yana sa wasu su ɗauka an gama, alhali a fakalte ba a bakin ƙofa ake tankaɗe ba, a cikin gida ake yi. Tun wajajen 2007 jami'o'in Kamaru suke bin tsarin LMD kamar sauran ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki ta tsakiyar Afirka: lisans, wato digirin farko, shekara 3, masta shekara 2, dakta shekara 3. An raba shekara zango biyu, kowane zango yana da kiredi 30, wato ma'aunin nauyin darussa, kuma sai an tara 180 ake samun lisans. Yaron da ya fito daga aji mai mutum 60 ko 80, inda malami ya san sunansa, sai ya tsinci kansa a babban ɗakin lacca tare da ɗaruruwa, babu mai kiran suna, babu mai tambayar dalilin da ya sa bai zo jiya ba. Darasin da ya faɗi yana bin sa bashi zuwa shekara ta gaba. Saboda haka shekarar farko ce take yin aikin da jarrabawar shiga ba ta yi ba, kuma a nan ne da yawa ke maimaitawa ko su sauya fanni ko su koma gida.

Ƙofa ta biyu ita ce ta makarantun ƙwarewa, waɗanda ba a shigarsu sai da konkur. Bambancin konkur da jarrabawa irin ta bak shi ne tushen maganar gaba ɗaya. A bak, duk wanda ya kai maki 10 ya ci, ko su nawa ne. A konkur kuwa, minista yana bayyana adadin guraben tun kafin a zauna, kuma idan gurabe 100 ne to mutum 100 za a ɗauka, ko da na 101 ya samu maki 14. Ke nan ɗalibi ba da takardar tambaya kaɗai yake kokawa ba, da sauran masu nema yake yi, ciki har da waɗanda suka ci bak bara ko bariya suka shafe shekara suna shiri.

Arewa tana da irin waɗannan makarantu fiye da yadda wasu iyaye suka sani. Jami'ar Ngaundare, wadda harabarta ke Dang, tana da ENSAI ta injiniyoyin sarrafa abinci da masana'antu, da IUT mai ba da difloma ta fasaha a shekara 2, da makarantar likitancin dabbobi, da ta ilimin ƙasa da haƙar ma'adinai a Maiganga. Jami'ar Marwa tana da makarantar horar da malamai, ENS, da politeknik, da makarantar ma'adinai da man fetur a Kaele. Garwa tana da fakalten likitanci, wanda duk da sunansa ba a shigarsa da dosiye. Tun 2013 karatun likita da haɗa magunguna da likitancin haƙori ya koma ƙarƙashin konkur guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya, wanda masu bak C da D ko masu A Level na kimiyya ke zama, daga bisani a rarraba waɗanda suka ci zuwa fakaltocin Yawunde da Duwala da Buya da Bamenda da Cang da Garwa da 'yan makarantu masu zaman kansu da aka amince musu. Makarantun nas da ungozoma kuwa ma'aikatar lafiya ce ke shirya konkur ɗinsu, da nata lokacin da nata sharuɗɗan.

Kuskuren da ya fi yawa a nan na lokaci ne. Sakamakon konkur yakan makara, wani lokaci har a fara karatu a fakalte bai fito ba, kuma rajistar farko tana da ranar rufewa. Ɗalibin da ya zuba duk fatansa a kan konkur ɗaya, bai yi rajista a fakalte ba, idan bai ci ba yana iya tarar da ƙofa biyun duk a rufe. Abin da hankali ya fi kwanciya da shi shi ne a riƙe gurbi a fakalte ko da ana jiran sakamakon konkur, domin kuɗin rajistar bai kai asarar shekara ba.

Yadda aka zo nan

Wannan tsari mai ƙofa biyu gadon Faransa ne, inda jami'a ke buɗe ga duk mai bak, makarantun ƙwarewa kuma ke tace 'yan kaɗan. An kafa jami'ar farko a Yawunde a 1962, kuma ta yi shekara 30 ita kaɗai ce jami'a a ƙasar, ko da yake a 1977 an ƙirƙiro cibiyoyin jami'a a Buya da Duwala da Cang da Ngaundare. A wancan zamani ɗalibai da yawa suna karɓar alawus na wata, kuma mai digiri yana sa ran aikin gwamnati. Da tattalin arziki ya karye daga tsakiyar shekarun 1980, Yawunde ta cika maƙil da ɗaliban da suka ninka abin da aka gina ta dominsu, yajin aiki ya yawaita, sai gwamnati ta yi garambawul a watan Janairun 1993. Aka kafa jami'o'i 6, aka soke alawus, aka sanya kuɗin sefa 50,000 wanda har yau bai sauya ba.

Daga 1993 zuwa 2008 Ngaundare ce kaɗai jami'a a jihohin arewa uku, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, ta yadda yaron Kusiri ko Mokolo sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya ga ɗakin lacca. Marwa ta samu tata a 2008, Garwa a 2022. Yawan jami'o'i ya faɗaɗa ƙofar fakalte ƙwarai, amma guraben makarantun ƙwarewa ba su ƙaru daidai da yawan masu bak ba, shi ya sa cunkoso ya taru a bakin konkur.

Abin da aka riga aka yanke tun kafin bak

Mafi yawan sharuɗɗan da ke hana yaro shiga inda yake so ba a watan Yuli aka yanke su ba, an yanke su ne shekaru kafin nan, lokacin da babu wanda ke tunanin jami'a.

Na farko shi ne seri. Bayan BEPC ake raba yara zuwa ajin adabi ko na kimiyya, kuma a shekara ta gaba masu kimiyya su rabu zuwa C da D da TI. Yaron da aka tura A yana da shekara 15 ko 16, ko saboda makinsa na lissafi, ko saboda lisen garinsu, wato makarantar sakandare, ba ta da malamin fiziks, ko don kawai abokansa can suka nufa, ya riga ya yi sallama da likitanci da injiniyanci ko da zai ci bak da maki 16. Fakalten kimiyya ma ba za ta karɓe shi ba. Akasin haka bai cika tsanani ba, domin mai bak C ko D yana iya shiga shari'a ko tattalin arziki. A makarantu akwai jami'in ba da shawara kan zaɓin fanni, amma iyaye kaɗan ne suke zuwa su zauna da shi a wannan mataki, musamman iyayen da ba su yi boko ba kuma Faransanci ke yi musu shamaki. Wannan raunin ya fi cutar da ƙauyuka, inda ƙarancin malaman kimiyya ke sa a cika azuzuwan A, sannan daga baya a yi mamakin ƙarancin 'yan yankin a konkur na likitanci.

Na biyu shi ne takardar haihuwa. Doka ta ba da wa'adin da za a kai rahoton haihuwa ofishin magajin gari ko cibiyar rajista, kuma idan wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ke maye gurbin rajistar, abin da ke cin kuɗi da lokaci da shaidu. A arewa, inda ake yawan haihuwa a gida, yara da dama ba sa samun takardar sai sun zo jarrabawar ƙarshen firamare, a yi ta cikin gaggawa, a rubuta suna yadda magatakarda ya ji shi. Sai a ga Usmanu a wata takarda an rubuta shi da siga ɗaya, a wata da siga daban, ko Muhammadu ya zama Mamadu, ko ranar haihuwar da ke kan BEPC ta saɓa da wadda ke kan katin ɗan ƙasa. A lise ana iya kau da kai, amma a dosiyen konkur harafi ɗaya yana isa a mayar da takarda. Ga kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya tayar daga 2014 a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, da waɗanda ambaliya ta ci gidajensu a Yagwa da kewaye, takardunsu suka salwanta. Gyaran suna ko sake takarda aiki ne na watanni, ba na makon rufe rajista ba.

Na uku shi ne shekaru. Fakalte ba ta cika damuwa da shekarun mai nema ba, amma kusan kowane konkur yana da iyakar shekaru da ake rubutawa a sanarwarsa. Yaron da ya fara da makarantar allo ya shiga boko a makare, ko ya maimaita aji biyu, ko purobatuwar ta riƙe shi shekara biyu, yana iya cin bak ya tarar saura masa zama ɗaya ko babu. Wannan ne ke tura wasu iyaye ga rage shekaru ta hanyar sake takardar haihuwa, abin da laifi ne a doka, kuma yakan tonu idan aka gwada sabuwar takarda da bayanan tsofaffin jarrabawa.

A kan purobatuwar kanta ra'ayi ya rabu. Masu neman a soke ta suna cewa ƙasashe kaɗan ne suka rage da ita, tana tsayar da yara a mataki ɗaya kafin ƙarshe, tana ƙara wa iyaye kuɗin jarrabawa, kuma wanda ta kayar yana fita da BEPC kawai bayan shekara 6 a sakandare. Masu kare ta suna cewa ita ce ke hana ajin ƙarshe cika da waɗanda ba su shirya ba, kuma ita ke riƙe da martabar bak ta Kamaru a waje. Haka gardamar take a kan tsayawa a maki 10: wasu na ganin ta dawo wa takardar da ƙimarta, wasu na ganin an tsananta hukunci ba tare da an gyara ajin da babu malami ba.

Rabon gurabe tsakanin jihohi

Maganar kason ɗan arewa ta samo asali ne daga manufar daidaito tsakanin yankuna, wadda aka fara tun zamanin shugaba Ahmadu Ahijo. Rabon da aka tsara a 1992 domin konkur na shiga aikin gwamnati ya ba Arewa Mai Nisa kashi 18 cikin ɗari, Arewa kashi 7, Adamawa kashi 5, wato kashi 30 ga jihohin uku, yayin da Tsakiya ke da 15, Yamma 13, jihar Gaɓar Teku da Arewa maso Yamma 12 kowacce. Abubuwa biyu ya kamata a fahimta. Rabon bai shafi shiga fakalte ba, domin can babu takarar gurbi irin ta konkur. Sannan jihar da ake lissafa wa mutum ita ce ta asalin iyayensa, ba inda aka haife shi ko inda ya yi karatu ba, batun da ke da sarƙaƙiya ga iyalan Hausawa da suka yi zamani uku ko huɗu a Birketiri ta Yawunde ko Niyu Bel ta Duwala.

Masu goyon bayan manufar suna kafa hujja da tarihi. Mishan sun buɗe makarantu a bakin teku tun tsakiyar ƙarni na 19, arewa kuwa ba ta samu boko sosai ba sai can baya, kuma har yau jihohin arewa uku da ta Gabas ne gwamnati ke kira yankunan da ilimi ke buƙatar kulawa ta musamman. A ganinsu, idan aka bar maki kaɗai ya yi hukunci, likitoci da alƙalai da manyan ma'aikata za su fito daga jihohi biyu ko uku, kuma ƙasa mai yawan ƙabilu irin Kamaru ba za ta zauna lafiya a haka ba. Masu suka suna cewa ana danne wanda ya fi maki saboda asalin da bai zaɓa ba, ba a bayyana makin waɗanda aka ɗauka balle a gane inda daidaito ya tsaya son kai ya fara, kuma alƙaluman na 1992 ba su bi sauyin yawan jama'a ba. Akwai suka ta uku da ke fitowa daga cikin arewa kanta, wadda ta cancanci a saurare ta: sau da yawa wanda ke cin moriyar kason shi ne ɗan babban ma'aikacin da ya yi karatu a kyakkyawar makaranta a Yawunde yana ɗauke da asalin arewa a takarda, ba ɗan manomin Gidar ko Tibati da aka yi manufar dominsa ba.

Sau biyu gardamar ta fito fili ƙarara. A ƙarshen 2008, bayan konkur na farko na ENS ta Marwa, 'yan majalisar arewa sun nemi a ba yankin kashi 60 na guraben, aka warware rikicin da ƙara yawan waɗanda aka ɗauka sosai. A 2015 kuma, a makarantar hulɗar ƙasa da ƙasa ta IRIC, an fitar da jerin sunaye biyu masu saɓani, daga ƙarshe aka ɗauki waɗanda ke cikin jerin biyun. Ga mai nema dai, abin da kason ke nufi a aikace shi ne zai yi takara da 'yan jiharsa, kuma 'yan jihar ma suna da yawa. Kaso ba ya cika dosiye, ba ya kuma sa a ɗauki wanda bai zauna ba. A wannan duhun ne 'yan damfara ke samun kasuwa, masu cewa sun san wani babba a ma'aikata, a kawo kuɗi a sayi gurbi.

Makarantar malamai: karatu daban, aiki daban

Shekara da shekaru, cin konkur na ENS yana nufin an samu aiki, domin wanda ya gama ana ɗaukarsa malamin gwamnati ya samu lambar albashi. Ga arewa, inda kamfanoni ba su da yawa, ENS ta Marwa ta zama babbar hanyar fita daga talauci ga gidaje masu yawa. A farkon 2022 malaman sakandare suka shiga dogon yajin aikin da aka sani da OTS, taƙaicen taken Faransanci mai nufin an haƙura har an gaji, suna kukan bashin albashi da jinkirin shekaru kafin a tabbatar da su a aiki. Cikin matakan da gwamnati ta ɗauka akwai raba horarwa da ɗaukar aiki: jami'a ta horar, ma'aikatar kula da ma'aikatan gwamnati kuma ta shirya nata konkur gwargwadon guraben da kasafin kuɗi zai ɗauka.

Hujjar gwamnati ita ce ba daidai ba ne a ci gaba da ɗaukar mutanen da ba a tanadi albashinsu ba. Hujjar masu adawa ita ce makarantun karkara suna fama da rashin malamai, kuma idan babu tabbacin aiki haziƙai za su guji koyarwa. Ko wanne ya fi gaskiya, lissafin iyali ya sauya. Mai shiga ENS yanzu yana sayen horo ne da kuɗinsa, sannan ya sake wata takara bayan ya gama, ko ya nemi aiki a makarantu masu zaman kansu.

Masu takardar Cadi, Najeriya da ƙasashen Larabawa

Kusancin iyaka ya sa wannan batu ya fi shafar arewa. Cadi ba ta da purobatuwar, shi ya sa wasu yaran da ta kayar suke tsallaka gada daga Kusiri zuwa Njamena su zauna bak ta can, wadda hukumar ONECS ke shiryawa, kuma akwai mai yin ta da Larabci tun da Larabci harshen hukuma ne a Cadi. Takarda ce halattacciya idan an same ta ta hanyar gaskiya, kuma dubban 'yan Cadi suna karatu da ita a Ngaundare da Marwa. Sai dai duk takardar waje tana buƙatar tantancewa daga hukumar da ta ba da ita, da kuma shaidar daidaito daga kwamitin ƙasa da ke ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde, musamman ga mai neman konkur ko aikin gwamnati. Binciken ya ƙara tsanani saboda yawaitar jabu. A 2024 ma'aikatar tsaro ta sanar da gano takardun bogi sama da 1,000 a dosiyen masu neman aikin soja da jandarma, abin da ya sa mai takardar gaskiya ma yake jira fiye da da.

Wanda ya yi sakandare a Najeriya kada ya ɗauka cewa sakamakon WAEC ko NECO daidai yake da bak kai tsaye, kwamitin ne ke yanke matakin da za a ajiye shi. Wanda kuma yake son tafiya Yola ko Maiduguri ko Kano karatu ya san tsarin can daban ne, ana bi ta hukumar JAMB, kuma digirin da ya samo zai nemi shaidar daidaito idan ya dawo. Haka lamarin yake ga masu dawowa daga Azhar ko Sudan ko jami'ar Sarki Faisal ta Njamena, tare da ƙarin nauyin cewa konkur a Kamaru da Faransanci ko Ingilishi ake yin sa.

Makarantu masu zaman kansu

Ga wanda bai ci konkur ba kuma ba ya son fakalte, akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke shirya ɗalibai su zauna jarrabawar difloma ta sana'a, BTS ko HND, a shekara 2, jarrabawar da ma'aikatar ilimi mai zurfi ke shiryawa. Kuɗinsu ya ninka na gwamnati sau da yawa. Tambayar da ta wajaba kafin a biya ko sisi ita ce ko makarantar tana da izini a kan fannin da yaron zai karanta, ba izinin buɗewa kawai ba, da kuma wace jami'ar gwamnati ce ke kula da lisans ɗinta.

Nauyin da ke kan gida

Sefa 50,000 ƙaramin kaso ne na abin da karatun ke ci. Kowane konkur yana da kuɗin zama, galibi wajen sefa 20,000, ban da tambur na sefa 1,500 da ake liƙa wa kowane kofi, da takardar likita, da kuɗin mota da masauki idan cibiyar jarrabawa ba a garin take ba, da darasin shiri ga mai hali. Mai zama konkur uku yana iya kashe abin da ya haura kuɗin jami'a na shekara biyu tun bai san makomarsa ba, kuma duk wannan yana faɗowa ne a watannin Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, amfanin gona bai zo ba, ƙannensa ma suna jiran kuɗin komawa makaranta. Bayan shiga kuma ga hayar ɗaki, wadda a Dang akan nemi ta watanni da yawa a dunƙule tun da ɗakunan jami'a ba sa isa, ga abinci da kwafin darussa. Kyautar sefa 50,000 da gwamnati ke ba ɗalibai masu hazaƙa tun 2010 ba ta sabon shiga ba ce, sai wanda ya riga ya nuna sakamako.

Ta wannan fuskar jami'ar Garwa ta sauya abu mai muhimmanci, musamman ga 'yan mata. Akwai gidaje da dama da ba za su yarda budurwa ta kama ɗaki ita kaɗai a wani gari ba, amma za su bar ta ta je lacca da safe ta kwana a gida, kuma abin da Marwa ta yi wa 'yan matan garinta tun 2008 shi Garwa ta fara yi wa nata. Iyakar wannan sauƙin ita ce sabuwar jami'a ba ta da dukan fannoni, kuma wadda ta ci konkur na likitanci ba ita ke da ta cewa a kan garin da za a tura ta ba.

Ga wanda ya faɗi konkur a zaman farko, hanyar da aka fi bi ita ce ya shiga fakalte a fanni mai kusa da burinsa, kamar kimiyyar halittu ga mai son likitanci ko lissafi da fiziks ga mai son politeknik, ya sake zama a shekara mai zuwa muddin shekarunsa ba su wuce iyaka ba. Wasu makarantun injiniya da ENS suna da ƙofa ta biyu ga mai lisans ko difloma ta IUT, kuma babban zangon ENAM, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati, da lisans ake nemansa, ba da bak ba.